Zauren Masu Karatu: Littafin da ya rikita wani saurayi

A wani ƙauye na jihar Maraɗi akwai wani saurayi da ya yi lakwal har aji shida. Da aka gama yankan hatsi, sai ya aro wani littafi na Faransanci. Da dare yana karantawa, yana juya wa abokansa da Hausa.

Sunan littafin Darakula. Wani mutumin ƙasar Ailan, Baram Sitoka, ya rubuta shi da Ingilishi a 1897. Labarin wani matacce ne mai tashi da dare yana shan jinin mutane, da waɗanda suka yi farautarsa. Kada ku haɗa shi da maye. Maye mai rai ne, kurwa aka ce yake kamawa. Wannan kuwa gawa ce, kuma labarin ƙage ne.

Babi huɗu na farko sun yi daɗi. Wani lauya mai suna Harka ya je gidan Darakula, cikin ƙasar Rumaniya ta yau, maigidan ya kulle shi. Ranar 30 ga Yuni yana shirin sauka ta bango ya gudu. Saurayi ya juya shafi, sai ga wata budurwa, Mina, tana rubuta wa ƙawarta Lusi wasiƙa, ranar 9 ga Mayu. An koma baya ke nan, ba sallama. Can sai ga likitan mahaukata, can sai ga shugaban jirgin ruwa da ya ɗauko akwati 50 na ƙasa. Kowanensu "ni" yake cewa. Shi kuwa babban mafaraucin, likita Ban Helsin na ƙasar Holan, sai a babi na 9 ya iso, cikin babi 27.

Abokai suka ce: "Wai wa ke magana yanzu?" Ya rasa amsa. Ya jefar da littafin, ya ce kansa ne ya toshe. Biyu daga cikinsu da ke shirin shiga ajin yaƙi da jahilci suka ce sun fasa. In mai shekara shida ya ɓace, ina ga mai watannin rani?

Magatakardan ƙungiyar manoma ya ji. Shi Hausa kaɗai yake karantawa, amma ya san lamba. Ya duba kawunan shafuna, ya ce: "Ƙanena, ai wannan tarin takardu ne, kamar na akwatin ƙungiya. Kowace da mai ita, da ranarta. Kai ka tsallake kan takarda, ka faɗa cikinta."

Gaskiya ya faɗa. Haka aka gina littafin: wasiƙu, da rubutun yau da kullum na mutane da yawa, da yankin jarida. A tsakiyar labarin ma, Mina ce ta tattara takardun ta jera su rana bi rana, kafin mafarautan su gane inda suka dosa.

Amma marubucin shi ma da nasa laifi. Ban Helsin ya cika ɓoye zance. Ya sa wa Lusi furen tafarnuwa a ɗaki bai yi wa uwarta bayani ba, uwar ta kwashe saboda wari. Mai karatu ma a duhu aka bar shi.

Saurayi ya yago takarda, ya rubuta sunayen masu magana. Yanzu kafin ya fara, sai ya ce: "Wance ce, rana kaza." Sun kai babi na 12. Ɗaya daga cikin biyun nan ya rubuta sunansa a aji. Ɗayan ya ce sai ya ga ƙarshen Darakula tukuna.