Haddar insha'i ba koyon rubutu ba ce



Yau da malaman lesin nake, waɗanda muke biya kuɗi duk wata a Agege da Idi-Araba da Sabo ta Ibadan don su shirya mana yara kafin WAEC. Abin da da yawansu suke yi shi ne su buga insha'i guda goma, wasiƙa zuwa ga shugaban ƙaramar hukuma, muhawara kan makarantar kwana da ta jeka-ka-dawo, su ce yaro ya haddace. Sai ka karanta rubutun yara ashirin ka ji kamar mutum ɗaya ne ya yi shi, kuma mutumin ma ba ɗan unguwarmu ba ne. Idan ka yi magana a ce maka ai dai yaro ya ci jarrabawa.

To ko ta fuskar jarrabawar ma ba su da gaskiya. Insha'in WAEC kalma 450 ake nema, maki 50 ne, kuma 20 daga ciki na yadda yaro ya sarrafa harshe ne. Da zarar an ɗan karkata tambayar, mai hadda ya shiga daji.

Amma ni ba makin ne ya fi damuna ba. Mu baƙi ne a nan, kullum ana magana a kanmu. Lokacin rikicin Mile 12 a 2016, da na kasuwar Shasha a watan Fabrairun 2021, da hana acaba a wasu ƙananan hukumomin Legas a 2022, wa ya rubuta labarinmu? Wasu ne. Mu kuwa muna ta tura wa juna saƙon murya a WhatsApp, kowa na ƙara gishiri. Yaron da ya gama aji shida na sakandare ya kamata a ba shi sanarwar gwamnati ko kanun jarida ya iya tambaya: wa ke magana, da wa yake yi, me yake so a yi, me ya sa ya ce “ɓata-gari” bai ce “'yan kasuwa” ba, wace hujja ya kawo, ina kuma ya bar hujja ya koma tsoratarwa. Wannan darasi ne da ake koyarwa, ba baiwa ba ce.

Kada kuma wani ya ce mini ilmin Turawa ne. Aristotle ya kasa hanyoyin shawo kan mai sauraro gida uku, mutuncin mai magana da motsa zuciya da hujja, amma malamanmu na zaure sun daɗe suna karantar da balaga, ma'ani da bayani da badi'i. Yarinyar da ke gane habaicin kishiyar uwarta tun kafin a rufe baki ta riga ta san cewa magana na da ciki da waje. Malami ne ya kasa ɗora ta a kan abin da ta sani.

Malam, ka bar yaro ya rubuta abin da idonsa ya gani: yadda tumatir ke ruɓewa idan mota ta kwana a hanya, ko ranar da aka kama babur ɗin yayansa. Turancin zai zo da kurakurai, ka gyara da jan biro, aikinka ke nan. Iyaye kuma, ƙarshen watan nan kafin ku miƙa kuɗin lesin, ku ce a nuna muku littafin insha'in yaranku, ku haɗa da na ɗan maƙwabci ku karanta.