Zomo Ma Amana Ne

A ƙasar Amurka da Ingila akwai wata irin hidima wadda in aka ba da labarinta a nan, wasu dariya za su yi. Watau mutane ne su ke haɗa kai, ba albashi ba ladan kowa, su riƙa karɓar zomayen gida da masu su su ka gaji da su, su yi jiyyarsu, sa'an nan su nema musu wani mai riƙo. Ɗaya daga cikin shahararrun ƙungiyoyin nan ita ce House Rabbit Society, wadda wata mace mai suna Marinell Harriman da abokan aikinta su ka kafa a Kalifoniya a 1988. Abin da ya jawo haka shi ne, iyaye su kan saya wa yara ɗan zomo lokacin bikin Ista don sha'awa, bayan 'yan watanni sha'awa ta wuce, ga dabba kuwa mai iya rayuwa shekara 8 zuwa 12 in ta sami kulawa. Daga nan sai a kai shi bakin daji a sake.

Mu dai a ganinmu babu abin dariya a nan, akwai abin koyo. Gama mu ma muna da irin wannan laifi, sai dai kamanninsa dabam. Makarantu da yawa su kan sayi zomaye don darasin aikin gona, a yi musu keji, yara su yi ta murna. Da an ba da dogon hutu sai a kulle ƙofa, a bar su a hannun mai gadi wanda ba wanda ya koya masa kome. Ran da aka dawo a tarar da rabi sun mutu, a ce ai ƙaddara ce. Ƙaddara gaskiya ce, amma sakaci ma yana da suna.

Darasi na fari da masu wannan hidima su ka riƙe shi ne, kada a saki zomon gida a jeji. Zomon gida jinsinsa dabam da zomon dajinmu, asalinsa daga ƙasar Sifen da Fotugal ne, kuma wanda ya tashi cikin keji bai san kare ko shaho ba. In ya mutu an zalunce shi, in kuwa ya rayu ya hayayyafa, ɓarnarsa ta fi. A 1859 wani Bature mai suna Thomas Austin ya saki zomaye 24 a gonarsa a Ostareliya don farauta. Da ya ke cikin zomanya wata ɗaya ne kacal, kafin a farga sun zama miliyoyi, sun cinye makiyayar tumaki. Har ta kai a 1950 gwamnatin ƙasar ta saki wata cuta mai suna miksomatosis da gangan don ta rage su. Cutar nan ta shiga Faransa a 1952, ta haye Ingila a 1953, ta kusa share zomayen dajin ƙasar baki ɗaya, ba ta kuma bar na gida ba.

Darasi na biyu shi ne keɓe baƙo, kuma shi ya fi shafarmu. Akwai wata annoba mai cin hantar zomo ta sa shi zubar jini a ciki, wadda aka fara gani a ƙasar Sin a 1984. A 2010 wani sabon irinta ya ɓulla a Faransa, wanda ba ya barin ƙanana, yana kuma kama har zomon daji. A 2020 ya bazu a kudu maso yammacin Amurka, a cikin shekarar nan kuwa masana su ka tabbatar da shi a Ibadan. Saboda haka kada wani ya ce wannan cutar Turawa ce, ta riga ta shigo gida. Ba ta kama mutum, amma zomon da ta kama sau da yawa ba ya wuce kwana ɗaya ko biyu. Wani lokaci ba a ganin alamar kome, sai a wayi gari a tarar da shi a mace, wataƙila da ɗan jini a hanci. Ba ta da magani sai allurar rigakafi. Ƙwayar cutar tana jimre wa watanni a jikin keji, tana bin takalmi da tufafi da ciyawa da ƙudaje. Don haka ne masu hidimar nan ba su haɗa sabon zomo da na gida sai ya yi wata guda a keɓe, su kan kuma wanke hannu su sauya takalmi kafin su shiga ɗakin. Mu kuwa sai a sayo zomo a kasuwa da safe, da la'asar yana cin abinci kwano ɗaya da sauran.

Darasi na uku shi ne sanin halittar dabbar. Haƙoran zomo ba su daina tsiro muddin ransa, ciyawa ce ke rage su, ita ce kuma ke tafiyar da hanjinsa. Wanda ya cika shi da dusa da tsaki ya hana shi harawa da ɗanyar ciyawa ya cuce shi. Zomo ba ya amai, in ya yini bai ci ba, bai kuma yi kashi ba, a gaggauta neman likitan dabbobi. Zafi na kashe shi, kejin kwano a rana cikin bazara kabari ne, sai a sa shi a inuwa da ruwa ko da yaushe. Ba a ɗaga shi da kunnuwa. Kuma kada a ɗura masa kafson mutane, musamman dangin fenisilin, gama su kan lalata hanjinsa ya mutu.

Mun san abin da wasu za su ce: ina ruwanmu da jiyyar zomo alhali ga mutane cikin yunwa, kuma mu ai don nama mu ke kiwonsa? Wannan magana tana da hujja, ba kuwa mu ce a bar yanka ba, halal ne. Amma mai neman nama shi ya fi kowa bukatar lafiyayyen garke, domin gawa ba ta shiga tukunya. Bayan haka duk ɗalibi ya san hadisin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta kulle, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ba. Shin zomon da aka kulle a makaranta wata biyu ya fita daga wannan hukunci? Yaron da ya ga malaminsa ya yi haka, ya koyi cewa amana abin yarwa ce in ta yi nauyi, kuma wannan darasi ba a kan zomo zai tsaya ba.

To, ga shawararmu. A kowane gari da ke da makarantu masu kiwo, mutum uku sun isa su fara: malami guda wanda zai karɓi zomaye lokacin hutu, akawu guda wanda zai riƙe littafi, ya rubuta inda kowane zomo ya fito da ranar da ya zo da ranar da ya mutu, sai malamin dabbobi wanda zai riƙa leƙawa. A tanadi keji biyu nesa da juna, ɗaya na baƙi. A raba maza da mata, don kada taimako ya zama jidali. Hedimasta ya sa kuɗin ciyawar hutu cikin lissafi tun ranar da ya sayi zomo, in ba zai iya ba ya haƙura da sayen. In an ga mutuwa biyu ko uku farat ɗaya, kada a sayar da sauran don gudun hasara, wannan kai wuta gidan maƙwabci ne. A binne gawa da zurfi ko a ƙone ta, a hana shiga da fita, a sanar da ofishin dabbobi, su ne za su aika da samfuri wurin bincike irin na Vom.

Hausawa sun ce zomo ba bawan giwa ba ne, dajinsu ɗaya. Wanda ya ɗauko shi ya sa a keji kuwa ya ɗauki ci da sha da lafiyarsa a wuyansa. Allah ya ba mu ikon sauke abin da mu ka ɗauka, amin.