Kamerar taka ce, amma makullinta na hannun wa?

Duk wanda ya zaga kasuwannin Maraɗi, Damagaram ko Yamai a ƴan shekarun nan ya ga yadda kamerorin tsaro suka maƙale a saman shaguna da ƙofofin gidaje. Sun yi araha, sun kusa zama kamar fanka ko firij. Abin da ya fi jan hankalin ƴan kasuwa kuwa shi ne kallo daga nesa: mutum yana Lome wajen fitar da kaya, ko yana Makka wajen Umra, ya ɗauko salularsa ya ga yaran shago suna awo, ya ga wanda ya shiga gida da wanda ya fita. Ban ga laifin wannan sha'awa ba, mai dukiya yana da haƙƙin sa ido a kan dukiyarsa.

Damuwata tana kan rabin awar ƙarshe ta aikin. An huda bango, an ja wayoyi, an ɗaura kamerori, mai gida yana tsaye yana nuna inda yake so a fuskanta. Da an zo haɗa na'urar da akwatin intanet, wanda ake ce wa rutar, sai ya miƙa wa teknisiyen salularsa ya tafi sallar La'asar. Ya dawo ya ga hoto ya fito, ya yi murna, ya biya. Alhali a wannan rabin awar ne aka yanke wanda zai iya leƙa shagonsa da gidansa daga ko'ina a duniya. Ra'ayina shi ne: kada a biya cikon kuɗin aiki sai an miƙa wa mai kamera makullinta, kuma ya san ta wace ƙofa hoton ke fita.

Rutar kamar zaure take. Kamerori da na'urar da ke naɗar hotunansu, wato DVR ko NVR, suna cikin gida. Na ciki zai iya aike waje, amma baƙo daga waje ba ya wuce zaure sai da izini. To, ta yaya salularka da ke Lome za ta kai ga na'urar da ke Maraɗi? Hanya biyu aka fi bi.

Ta farko ita ce buɗe ƙofa. Teknisiyen ya shiga saitin rutar ya ce mata duk wanda ya ƙwanƙwasa ƙofa mai lamba kaza a wuce da shi kai tsaye ga DVR. Lambobin nan sanannu ne: 80 ta shafin shiga, 554 ta hoton bidiyo, 8000 a kayan Hikvision, 37777 a kayan Dahua. Wannan daidai yake da huda katanga a yi ƙofa daga titi zuwa ɗakin ajiya. Rutar ba ta tambayar wane ne ya ƙwanƙwasa. Abin da ya rage tsakanin baƙo da hotunanka shi ne kalmar sirri kaɗai. Akwai ma wani saiti mai suna UPnP da ke barin na'ura ta buɗe wa kanta irin wannan ƙofa ba tare da ta sanar da kowa ba, kuma rutoci da yawa suna zuwa da shi a kunne.

Yawancinmu wani dalili ne ya kare mu daga wannan ba da saninmu ba. Adireshin intanet na tsohon tsari kusan biliyan 4.3 ne kawai, sun yi wa duniya kaɗan, don haka kamfanonin waya suke haɗa mutane da yawa a adireshi ɗaya. Wanda ya saka sim a rutar 4G, galibi ko an buɗe ƙofar ba wanda zai same ta daga waje. Haka lamarin yake a tsarin gida na Starlink, wanda ya fara aiki a Nijar a 2025. Waɗanda ke cikin haɗari su ne masu layi da adireshin kansu: otal, asibitin kuɗi, kamfani, ƙungiya, da wanda aka sa ya biya ƙarin kuɗi don a ba shi adireshi saboda kawai a buɗe wannan ƙofa.

Mutane kan ce, wa zai damu da ɗan shagona? Ba mutum ke zaune yana zaɓe ba. Kwamfutoci ne ke bin adireshi ɗaya bayan ɗaya dare da rana suna ƙwanƙwasa ƙofofin nan, kuma akwai shafi irin Shodan da ke tara sunayen duk na'urar da ta amsa. A 2014 wani shafi mai suna Insecam ya baje hotunan kamerori sama da 73,000 kai tsaye, na ɗakunan kwana da shaguna da ofisoshi a ƙasashe da dama. Masu shafin ba su fasa komi ba, kalmar sirrin da aka fito da ita daga kamfani suka gwada, irin su admin da 12345, ta buɗe. A ranar 21 ga Oktoba 2016 kuma wata muguwar manhaja mai suna Mirai, wadda ke yawo da jerin sunaye da kalmomin sirri kusan 60, ta tara dubban kamerori da DVR ta jefa su kan kamfanin Dyn a Amurka, har Twitter da Netflix suka ƙi buɗuwa ga miliyoyin mutane. Masu kamerorin ba su ma san an yi yaƙi da kayansu ba. Daga cikin kayan da aka fi amfani da su akwai na kamfanin Xiongmai na Sin, mai manhajar XMEye, wanda ke ƙera cikin na'urori masu araha da ake sayarwa da sunaye iri-iri.

Ko kalmar sirri mai ƙarfi ba ta isa ba idan ƙofa na buɗe. A Satumba 2021 an bayyana wani rauni a kamerorin Hikvision da yawa wanda ke ba ɗan kutse damar karɓe na'ura ba tare da ya san kalmar sirri ba. Kamfanin ya fitar da gyara, amma gyara sai an saka shi yake aiki, kuma bayan kusan shekara ɗaya masu bincike sun tarar da sama da 80,000 da har lokacin ba a gyara ba. A nan ƙasar, wane teknisiyen ne ke komawa wurin aikin da ya gama bara don ya sabunta manhajar cikin DVR?

Hanya ta biyu ita ce wadda yawancin shagunanmu ke kai. Ba a buɗe ƙofa. DVR ce ke aike waje ta gabatar da kanta ga manyan kwamfutocin kamfanin da ya ƙera ta, salula ma ta je can, a haɗa su. Shi ne wannan da ake ɗaukar hoton alamar QR da ke jikin na'ura da Hik-Connect, DMSS, XMEye ko V380. Tana aiki a kan sim, tana da sauƙi, kuma ta fi buɗe ƙofa aminci muddin kamfanin na kirki ne. Sai dai a nan ne matsalar da ta fi damuna take, domin ba daga Rasha ko Amurka take zuwa ba, daga cikin unguwa take.

A wannan tsari, asusun da ya fara ɗaure na'ura shi ne mai ita. A Hik-Connect misali, na'ura tana ɗauruwa ne a asusu ɗaya tak, sauran mutane sai dai mai asusun ya raba musu kallo. Idan teknisiyen ya ɗaure DVR ɗinka a asusunsa sannan ya raba maka, to kai baƙo ne a kamerar da ka saya da kuɗinka. Yana ganin abin da kake gani, yana iya duba hotunan jiya, yana iya cire ka ranar da kuka saɓa. Ko da shi mutumin kirki ne, salularsa fa? Yaransa na aiki suna riƙe ta, ana iya sace ta, yana iya sayar da ita a kasuwa ba tare da ya goge komi ba. A cikin wannan salula ɗaya akwai shagon mai sayar da zinari, akwai wurin ɗan canji, akwai tsakar gidan mutane da yawa. Wanda ya same ta ya san ƙarfe nawa ake rufe shago, ina ake ajiye ciniki, wane dare mai gadi ke barci.

Kada a ce zato ne. A Dallas ta jihar Texas, wani ma'aikacin kamfanin tsaro na ADT ya riƙa saka adireshin imel ɗinsa a asusun mutanen da ya haɗa wa kamera. Cikin shekara huɗu da rabi ya leƙa asusu kusan 200 fiye da sau 9,600, yana kallon matan gida a cikin sirrinsu. Ya amsa laifinsa a 2021, kotu ta ɗaure shi wata 52. Wannan babban kamfani ne mai rajista da lauyoyi da masu sa ido. Mu kuma da amana kawai muke aiki, babu takarda, babu mai bincike. A al'adar da ko abokinka na ƙuruciya ba ya wuce zaure sai da sallama, abin mamaki ne a ce mun ɗaura ido a tsakar gida, inda mata ke zama ba mayafi, mun bar makullin a aljihun wani.

Na san abin da masu wannan sana'a za su ce, kuma suna da hujja. Za su ce Alhaji ba ya riƙe kalmar sirri, bayan wata biyu zai canza salula ya kira su da tsakar dare cewa hoto ya ɓace. Za su ce da yawa daga cikin masu kamerar ba su da imel, ba sa karanta Faransanci ko Turancin da ke cikin manhajar. Za su ce buɗe na'urar da aka manta kalmar sirrinta wahala ne, wani lokaci sai an bi ta wurin dillalin kamfani. Duk gaskiya ne. Amma magini ma ya fi mai gida sanin ginin, ba a taɓa cewa don haka ya tafi da makullin ɗaki ba. Ɗan kasuwar da ke riƙe lambar sirrin asusunsa na kuɗi a salula, yana riƙe lissafin bashin mutum hamsin a littafi, zai iya riƙe kalmar sirri guda. Idan gyara ya taso, manhajojin nan suna da hanyar raba kallo na ɗan lokaci a janye bayan an gama. Sauƙin aikin teknisiyen bai kai darajar sirrin gidan mutum ba.

Abin da nake ganin ya kamata kowa ya nema kafin ya biya ba shi da yawa. A buɗe asusun manhajar da lambar wayarka ko imel ɗinka, a salularka, kana kallo. Kai za ka rubuta kalmar sirrin DVR da hannunka, doguwa, wadda ba lambar wayarka ba ce kuma ba shekarar haihuwarka ba, ka rubuta ta a littafi ka ajiye inda kake ajiye takardar fili. A canza kalmar sirrin shiga saitin rutar kanta, domin dabam take da ta wifi, kuma sau da yawa admin ce har yau. A nuna maka jerin waɗanda aka raba wa kallo da jerin masu amfani a cikin DVR, duk sunan da ba ka sani ba a goge shi. A kashe UPnP, a rufe duk ƙofar da aka buɗe. Idan rutar tana da wifi na baƙi, shi za a ba yaran shago da maƙwabta, kada su zauna layi ɗaya da kamerori. Wanda kuma an riga an haɗa masa tun tuni, ya kira wanda ya yi aikin cikin mutunci ya ce a kwance na'urar daga tsohon asusu a ɗaura ta a nasa. Mai gaskiya ba zai ji haushi ba.

Manyan wurare, irin su otal, asibiti da rumbun ajiyar kaya, ina ganin ya kamata su wuce nan su yi amfani da VPN, wato ɓoyayyar hanya tsakanin salula da rutar wadda sai mai makulli ke bi. WireGuard kyauta ne, rutoci da dama suna zuwa da shi, kuma akwai irin su Tailscale da ke aiki ko da babu adireshin kai. Yana buƙatar wanda ya san aiki, amma wanda ya kashe miliyoyi a gini bai kamata ya yi ƙyashin wannan ba.

Akwai kuma abin da babu saitin da zai gyara shi: inda aka fuskantar da kamera. Ƙofar gida, gareji, bakin shago, wurin ajiyar kuɗi, waɗannan sun isa. Tsakar gida da ɗakuna a bar su. Hoton da ba a ɗauka ba shi ne kaɗai ba ya fita. Haka kamerar da ta leƙa ta saman katanga cikin gidan maƙwabci cin zarafi ce, ko da ba da niyya aka yi ba. Nijar tana da dokar kare bayanan jama'a tun 2017, da hukumar HAPDP da aka ɗora wa wannan aiki, kuma hoton mutum na cikin bayanansa. Ingila ta kai ga haramta sayar da irin waɗannan na'urori da kalmar sirri mai sauƙin tsinkaya tun 29 ga Afrilu 2024. Kayan da ke shigo mana ba wanda ya tace su haka, don haka nauyin ya dawo kan mai saye da mai haɗawa.

Ga matasanmu masu wannan sana'a, ina ganin akwai kasuwa a nan. Wanda ya fara ba abokin cinikinsa takarda ɗaya bayan aiki, mai nuna asusun da aka ɗaura na'ura, ƙofofin da aka rufe da ranar da aka sabunta manhaja, ya sa hannu cewa bai riƙe komi ba, shi za a riƙa nema. Ranar da hoton tsakar gidan wani ya fara yawo a WhatsApp, ba za a tambayi wane teknisiyen ba ne, dukanku za a zarga. Gara ku gyara al'adar aikin da kanku tun kafin wannan rana ta zo.