Ɗan dokin da anka haɗa a ɗakin bincike: me ya shafe mu?



Tun muna yara anka koya muna cewa in za ka sayi dukushi, ka dubi uwarshi. Ka dubi ƙirjinta da ƙafafunta, ka tambayi wane ingarma ya hau ta. To, a Turai da Amurka wanga ilimi ya fara barin masu shi a hanya, don yanzu goɗiyar da ke shayar da ɗa ba lalle ita ce uwarshi ta jini ba.

Ga yadda ake yi. Likita shina duba cikin goɗiya da na'urar hoton ciki, shi tura doguwar allura har wurin da ƙwai ke tsira, shi tsotso su tun ba su nuna ba, goɗiya tana tsaye da ranta. Ƙwan nan sai da madubin likita ake aiki da shi don ƙanƙanta. A kai su ɗakin bincike, a aje cikin wani ruwa mai ɗumin jiki har su nuna, sa'an nan a haɗa su da maniyyin ingarma. Bayan kwana 7 zuwa 10, wanda ya kama ya zama ɗan tayi. Sai a saka shi cikin mahaifar wata goɗiya dabam, ko a daskarar da shi cikin tulun sanyi mai digiri 196 ƙasa da sifiri, shi yi shekaru shina jira. Goɗiyar aro ita za ta ɗauki cikin wata 11, ta haihu, ta shayar. Mai ƙwan kuwa tana can tana sukuwa, bayan ƴan makonni a sake ɗibar wasu ƙwai gare ta.

Abin bai zo da sauƙi ba. An haifi mutum na farko ta wagga hanya a Ingila a 1978, an samu maraƙi na farko a Amurka a 1981, amma doki ya ƙi. A farkon shekarun 1990 likitocin Faransa sunka samu ɗiyan dawaki biyu, daga nan ƙofa ta rufe, kowa ya gwada ya kasa. Dalili shi ne maniyyin ingarma sai ya kwana cikin jikin goɗiya ya shirya kafin shi iya huda ɓawon ƙwai, cikin faranti kuwa ya ƙi shiryawa. Da sunka gaji, sunka kewaye matsalar: a kama ƙwayar maniyyi guda ɗaya tak, a cusa ta cikin ƙwan da allurar da ta fi gashi siranta. A jihar Kolorado ta Amurka anka fara cin nasara da haka a 1996. Aiki ne mai tsada, shina son na'ura ta musamman da hannun gwani.

Sai a 2022 wata likita mai suna Katrin Hinrichs da mutanenta a jami'ar Pensilbaniya sunka gano bakin zaren. Sunka aje maniyyin awa 22 cikin ruwan da sunka haɗa mishi kafin su gama shi da ƙwai, sai ga shi shina shiga da kanshi ba allura. Ɗiya uku anka haifa lafiya lau. Shekara 30 ke nan ana nema, ashe har da rashin jira cikin abin da ya hana. Da sun tambayi makiyayi, da ya gaya musu ba a yi wa barbara gaggawa.

Mu ba mu ƙi wanga aiki ba, kuma ba mu raina shi ba. Wanda ya taɓa rasa goɗiya ta ƙwarai ba ta bar mishi ɗiya ba ya san zafin abin. Da wagga dabara, tsohuwar goɗiyar da mahaifarta ta gaji tana iya ba da iri. Wadda ta mutu ma, in anka cire jakar ƙwanta cikin ƴan awoyi, ana iya samun ɗa gare ta.

Abin da ke damun mu shi ne don wa ake yi, kuma ina ya nufa. Yau masu kuɗin wasan folo da tsallaken shinge su ne ke biya. Kuma ba su tsaya nan ba, har kwafar dabba suke yi sukutum daga ƙwayar jikinta, abin da anka fara ga doki a garin Kiremona na Italiya a 2003. A 2016, wani ɗan folo na Ajantina, Adolfo Cambiaso, ya hau dawaki shida cikin wasa guda, dukansu kwafin goɗiya ɗaya ce mai suna Cuartetera. Ƴan kallo sunka yi tafi. Mu kuwa mun san abin da ke faruwa in sa guda ya daɗe cikin garke har shina hawan ɗiyanshi mata: maruƙa su fito ƙanana, ciwo kaɗan shi kada su. Don haka iyayenmu ke musayar bajimai da maƙwabta. Goɗiya ɗa guda take haihuwa a shekara, kuma wanga jinkiri shi ke hana jinin gida ɗaya shi cinye na kowa. Su kansu masu riƙe da littafin asalin dawakin tseren Ingila da Amurka har yanzu ba su rubuta ɗan da ba ingarma ne ya hau uwarshi ba.

Wani zai ce, ina ruwanmu da dokin Bature? Gaskiya ne ba gobe za a kawo ɗakin binciken dawaki bakin rijiyarmu ba, wurin da ko maganin allurar rigakafi da wahala yake isowa da sanyinshi. Amma na shanu ya fi kusa. A Barazil, kowace shekara ana haɗa ɗiyan tayi dubu ɗaruruwa, da yawa daga shanu masu tozo irin namu. A nan gida an riga an yi wa shanun Azawak barbarar allura a tashar Tukunus. Ranar da za a zo da tulun sanyi cike da ɗiyan tayi, shanunmu ne za su zama iyayen aro. Jinin wa za a zuba musu?

Mai zaɓe a ɗakin bincike shina duban gudu ga doki, shina duban nono da nama ga saniya. A farin 1973 da na 1984, bisashen da sunka tsira su ne masu jure tafiya da ƙishirwa da busasshiyar ciyawa, ko da nononsu bai cika ƙwarya ba. Wanga hali ba ya bayyana a ma'auni sai shekarar wahala ta zo.

Saboda haka muna kira ga hukumomin kiwo da masu ba da tallafi: in za a kashe kuɗi kan wagga dabara a ƙasashenmu, a fara da adana namu. A daskarar da maniyyi da ɗiyan tayin Azawak, da jajayen shanun Bororo, da Kuri na tafkin Cadi. A tuna da dawakinmu, waɗanda tun da babur ya shigo ƙauye suke raguwa, sai ranar salla ko hawan sarki ake neman su. An nuna cewa adanawa tana da amfani: ƙwayoyin jikin wani dokin daji irin na Mongoliya da anka daskarar a 1980, daga gare su anka samu ɗa a Amurka a 2020. Kuma in za a zaɓi dabbar da za a ɗibi irinta, a zauna da makiyayan da sunka san uwarta da kakarta, a rubuta sunan mai ita a takarda, a faɗi rabonshi in anka sayar da irin.

Ku kuma ƴan kasuwa, duk ranar da dillali ya kawo muku dukushi ko maraƙi da tsada shina cewa ɗan ɗakin bincike ne na wance da wane, kada ku tsaya ga kallon wadda ke shayar da shi. Ku nemi takardar likitan da ya yi aikin, da ta gwajin jini, kafin ku kwance bakin jaka.