Ba A Fafe Gora Ranar Tafiya

Masu karatu za su iya tuna abin da ya faru a unguwar masana'antu ta Challawa cikin watan Yuni na shekarar 2020, sa'ad da 'yan sanda suka shiga wani kamfanin sarrafa shinkafa suka fito da ma'aikata waɗanda hukumar 'yan sandan ta ce yawansu ya kai 126. Mutanen nan sun shaida wa manema labarai cewa tun ƙarshen watan Maris, lokacin da aka hana zirga-zirga saboda annobar korona, aka tsare su a cikin masana'antar, aka yi musu alkawarin ƙarin kuɗi, aka kuma yi wa duk wanda ya nemi fita barazanar kora. Wajen wata uku suna ciki, har sai da ɗaya daga cikinsu ya sami hanyar kai kuka ga masu kare haƙƙin ɗan Adam. Abin da ya fi tayar mana da hankali a wannan labari shi ne tsawon lokacin da aka ɗauka kafin kukan mutum fiye da ɗari ya isa inda za a ji shi, alhali kuwa dokar ƙasa tana bayansu tun daga ranar farko.

Wani zai ce, ina ruwan mujallar ɗalibai da rigimar masana'anta? Ruwanmu kuwa da yawa. Da dama daga cikinmu da albashin Sharada da Challawa da Bompai aka saya mana littafin farko. Iyayenmu da yayyenmu ne ke fitowa da asuba daga Zawaciki da Panshekara da Ja'en da Dakata, su nufi majemar fatu da masaƙa da kamfanonin roba da na man gyaɗa. A can muke zuwa koyon aiki lokacin hutu, can kuma da yawanmu za su kai takardar neman aiki bayan hidimar ƙasa. Tun da aka buɗe tashar jiragen ruwa ta tudu ta Dala a Zawaciki a ran 30 ga Janairu, 2023, sai ga wata sabuwar ƙofar ɗaukar direbobi da 'yan dako da akawuna. Duk inda aka ɗauki mutum aiki, lalle wata rana a sami saɓani. Saboda haka ra'ayinmu shi ne, ma'aikaci ya san ƙwararren lauyan da zai nufa tun kafin ranar da za a miƙa masa takardar sallama, domin ba a fafe gora ranar tafiya.

Da farko dai, bari mu dubi abin da doka ta tanada, tun da rashin sani ya fi dare duhu. Dokar Ƙwadago ta 1974, wadda har yanzu ake aiki da ita, ta wajabta wa mai ɗaukar ma'aikaci ya ba shi takarda a rubuce cikin wata uku da fara aiki, a bayyana irin aikin, da albashi, da lokutan aiki, da hutu, da yadda za a rabu. Ta kuma ƙayyade wa'adin sanarwa kafin sallama: kwana ɗaya ga wanda bai wuce wata uku ba, mako ɗaya ga wanda bai kai shekara biyu ba, mako biyu ga wanda ke tsakanin shekara biyu da biyar, wata guda ga wanda ya cika shekara biyar ko fiye. Idan rage ma'aikata za a yi, sai a sanar da ƙungiyarsu dalili, a fara da wanda ya zo daga baya, tare da duba ƙwazo da cancanta, a kuma yi ƙoƙarin daidaitawa a kan kuɗin sallama. Dokar Diyyar Ma'aikata ta 2010 kuwa ta ɗora wa kamfani zuba kashi ɗaya cikin ɗari na jimillar albashin da yake biya a asusun hukumar NSITF, domin wanda inji ya ci wa yatsu ko sinadarin jima ya lalata wa huhu ya sami abin riƙewa. Amma ta ce a sanar da kamfani cikin kwana 14, a kuma shigar da buƙatar diyya cikin shekara guda. Mafi ƙarancin albashi, wanda ya fara da Naira 125 a 1981, an mayar da shi Naira 70,000 a 2024, ko da yake dokar ba ta hau kan wurin da ma'aikatansa ba su kai 25 ba.

Akwai kuma abin da ya kamata masu shirin karɓar digiri su sani. Dokar Ƙwadago ta fi shafar lebura da akawu. Wanda aka ɗauka a matsayin manaja, ko injiniya, ko wani ƙwararre, ta fitar da shi daga ma'anar ma'aikaci, sai dai ya dogara da abin da ke cikin yarjejeniyar da ya sa wa hannu da ƙa'idojin aikin kamfanin. Ashe ke nan wanda ya karɓi takardar ɗauka aiki ya rattaba hannu cikin zumuɗi, bai kai wa masani ya duba masa ba, ya sayi doki ne a cikin duhu.

To, a ina ƙwarewar lauya take bayyana? Wuri na farko shi ne sanin kotun da za a dosa. An kafa Kotun Ma'aikata ta Ƙasa a ƙarƙashin dokar rigingimun ƙwadago ta 1976, amma ta daɗe ana jayayya a kan matsayinta. Gyara na uku da aka yi wa Tsarin Mulkin 1999 a shekarar 2010 shi ya raba gardama, ya ba ta ikon sauraron dukkan ƙararrakin aiki da ƙwadago ita kaɗai, kuma tana da reshe a nan Kano. Wanda ya kai ƙarar sallama ko bashin albashi kotun majistare, ko ma Babbar Kotun Jiha, zai iya ɓata watanni yana kai da kawowa, daga ƙarshe alƙali ya ce ba shi da hurumi. Haka kuma wannan gyara ya ba kotun damar duba kyawawan al'adun ƙwadago na duniya, har ta sha yanke hukunci cewa korar mutum ba tare da faɗin dalili ba zalunci ne, saɓanin tsohuwar ƙa'idar da aka gada daga Ingila wadda ta bar ubangida ya sallami yaronsa yadda ya ga dama. Lauyan da bai bibiyi waɗannan hukunce-hukunce ba zai iya ce wa mai gaskiya ya haƙura, ba shi da ƙara.

Wuri na biyu shi ne hujja. A Kotun Ma'aikata, tun ranar shigar da ƙara ake haɗa bayanin shaidu a rubuce bisa rantsuwa, da kofen duk takardar da za a dogara da ita. Wanda ya ce yana bin kamfani garatuti ko kuɗin ƙarin lokaci, sai ya nuna takardar da ta ba shi wannan haƙƙi, ya kuma nuna yadda ya yi lissafi. Gogaggen lauya ya san cewa katin shaidar aiki, da takardar biyan albashi, da saƙon banki a waya, da rahoton likita, kowanne yana da ranarsa. Ya kuma san wanda za a yi ƙara idan ta hannun ɗan kwangilar leburori aka ɗauki mutum, kamar yadda ake yi wa ma'aikatan wucin gadi: kamfanin ne, ko ɗan kwangilar, ko dukansu biyu. Kuskure a nan kaɗai ya isa ya rusa ƙara mai kyau.

Na uku, sulhu. Mutane da yawa suna ɗauka cewa kiran lauya shelar yaƙi ce, shi ya sa suke gudun abin. Haƙiƙa kuwa lauyan da ya daɗe a fagen nan ya fi kowa sanin cewa shari'a mace ce da ciki, ba a san abin da za ta haifa ba. Sau da yawa wasiƙa ɗaya wadda ta jero sassan doka daidai takan sa kamfani ya kira zama. Dokar rigingimun ƙwadago ita kanta ta sa a fara da shiga tsakani da sasantawa kafin rigimar ƙungiya ta kai kotu, Kotun Ma'aikata ma ta buɗe cibiyar sulhu tata a 2015. Ba mu raina ƙoƙarin masu unguwanni da dagatai da malamai da ke shiga tsakani ba, sun sha kashe wutar da za ta ci gari. Sai dai sulhun da aka yi tsakanin kamfani mai lauyoyi da lebura wanda bai san abin da doka ta ba shi ba, ƙarshensa a ba shi na cefanen wata guda, ya dangwala hannu a takardar da ta ce ya yafe sauran har abada. A yi sulhu, amma mutum ya san nauyin abin da yake yafewa.

Na huɗu, ɗaukaka ƙara, inda ƙaramin sakaci yake zama babbar asara. A shekarar 2017, a shari'ar bankin Skye da Iwu, Kotun Ƙoli ta tabbatar da cewa ana iya ɗaukaka hukuncin Kotun Ma'aikata zuwa Kotun Ɗaukaka Ƙara. Amma in ba maganar 'yancin ɗan Adam ce ko ta laifi ba, sai an nemi izini tukuna, kuma a ƙararrakin da ba na laifi ba, daga can babu gaba. Wa'adin wata uku ne ga hukuncin ƙarshe, kwana 14 ga hukuncin da aka yanke ana tsakiyar shari'a. Galibi ba a kawo sabuwar shaida a can, abin da aka rubuta a kotun farko shi ake dubawa, don haka ƙarar da aka gina a karkace tun daga tushe da wuya ta miƙe a sama. A 2007, a shari'ar Okafor da Nweke, Kotun Ƙoli ta yi watsi da takardu don kawai an sa musu hannu da sunan ofishin lauyoyi maimakon sunan lauyan da ke cikin rajista. Wannan ya isa ishara ga mai hankali.

Mun san amsar da za a ba mu: wanda ke neman na abinci, ina ya ga kuɗin lauya? Wannan magana gaskiya ce, ba kuma za mu kauce mata ba. Amma araha ba ta ado, kuma ƙwararre ba lalle sai mai babban muƙami na SAN ba. Akwai lauyoyi a Kano da suka shafe shekaru suna shiga Kotun Ma'aikata ba tare da wannan lamba ba. Ma'aikatan da matsalarsu iri ɗaya ce suna iya haɗa ƙarfi su ɗauki lauya guda. Ƙa'idojin aikin lauya sun yarda a yi yarjejeniyar biya daga abin da aka samu a ƙarar da ba ta laifi ba. Hukumar Ba da Agajin Shari'a, wadda aka kafa a 1976, dokarta ta 2011 ta ba ta ikon tsaya wa mai ƙaramin ƙarfi a neman diyyar haɗarin aiki da kuma tauye 'yanci. Wanda zai ɗauki lauya ya tambaye shi ƙara nawa irin tasa ya taɓa yi, ya nemi a rubuta kuɗin aiki, ya karɓi rasiɗi, ya ajiye asalin takardunsa a hannunsa. Ya kuma yi hattara da wanda ya yi masa rantsuwar nasara tun bai karanta takarda ko ɗaya ba. Lauyan kirki shi ne mai faɗa maka inda ƙararka take da rauni.

Wannan nasiha ta haɗa har da masu masana'antu, musamman ƙanana, waɗanda tsadar wutar lantarki da shigowar kayan waje suka riga suka galabaitar. Kuɗin da za su ba masani ya tsara musu takardun ɗauka da na sallama bai kai rabin abin da za su kashe a kotu ba. Kowa ya ga yadda ma'aikatan masaƙar Kaduna, wadda aka rufe a 2002, suka shafe shekara da shekaru suna bin haƙƙinsu, wasu har suka riga mu gidan gaskiya. Ba ma fatan a maimaita irin wannan a Sharada ko Bompai.

Saboda haka muna kira ga ƙungiyoyin ƙwadago da ke Kano da su riƙe lauyoyi na dindindin waɗanda kowane ɗan ƙungiya ya san sunansu da ofishinsu, su kuma buɗe ƙofa ga ma'aikatan wucin gadi. Muna kira ga Ƙungiyar Lauyoyi reshen Kano da ta ware ranakun ba da shawara kyauta a kusa da masana'antu, inda lebura zai iya zuwa bayan an tashi aiki. Muna kira ga Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya da ta tura sufetocinta su riƙa shiga masana'antu ba sai an yi ɓarna ba.

Mu kuma ɗalibai, musamman 'yan'uwanmu na sashen shari'a, akwai bashi a kanmu. Ba mu da ikon tsayawa gaban alƙali, kada kuma wani ya yi shigar lauya ya yaudari bayin Allah. Amma muna iya fassara muhimman sassan Dokar Ƙwadago zuwa Hausa mai sauƙi, mu raba a Zawaciki da Panshekara. Muna iya karanta wa maƙwabci takardar da aka ba shi kafin ya sa hannu, mu tuna masa wa'adin kwana 14, mu raka shi ofishin da ya dace. Duk wanda zai je gida a wannan hutu, ya tambayi mahaifinsa ko yayansa inda takardar ɗaukarsa aiki take. In akwai, a yi mata kofe a adana. In babu, a fara nemanta tun yanzu, tun ana ga-maciji da kamfani a gaisa. In kunne ya ji, jiki ya tsira.