Sunan Gona a Jikin Kwalba

Jama'a, giya haramun ce gare mu, Jigawa ma ta ƙaddamar da Shari'a tun 2000, don haka ba kwaɗaitar da kowa nake yi ba. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne yadda Faransawa ke riƙe sunan gonarsu. Akwai wata gonar inabi a gefen birnin Bordo, Château Haut-Brion, wadda dangin Pontac suka saya a 1533. Farar giyarta haɗin inabi iri biyu ce, Sémillon da Sauvignon Blanc, kuma kowace kwalba na ɗauke da sunan gonar da shekarar girbi. Tun 1935 dokarsu ta hana mutum aron sunan yankin da bai noma a cikinsa ba. To, ku dubi zoɓonmu. Manomi a Buji ya sha wahalar damina, matan gida su zauna suna ɓarewa ɗaya bayan ɗaya har yatsu su rine, su shanya a tabarma, dillali ya auna ya ɗura a buhu, sai Maigatari ko Dawanau, daga can sai Meziko. Ba sunan Jigawa a jiki, balle na Buji. Mai tsafta da mai yashi kusan kuɗinsu ɗaya, wa zai ɓata lokacinsa wajen tsincewa? Ni dai na tsaya a kan ƙungiyoyin manomanmu su ware ja da fari, su rubuta gari da shekara a kowane buhu, gwamnatin jiha ta yi wa sunan rajista.