Harajin Washington, Kukan Maseru

Ranar 2 ga Afrilu, 2025, Shugaba Donald Trump ya bayyana harajin da zai ɗora wa kayan ƙasashen duniya kafin su shiga Amurka. Lesotho, 'yar ƙaramar ƙasar da Afirka ta Kudu ta kewaye ta kowace kusurwa, aka lafta wa kashi 50 cikin ɗari. Laifinta kawai shi ne tana sayar wa Amurka tufafi da lu'ulu'u, alhali talakawanta ba su da halin sayen kayan Amurka.

Masana'antun ɗinki na Maseru da Maputsoe sun bunƙasa ne albarkacin dokar AGOA ta shekarar 2000, wadda ta buɗe wa kayan Afirka kasuwar Amurka ba haraji. Dubban mata ke zaune gaban keken ɗinki tun safe har yamma, suna haɗa wandunan Levi's da Wrangler, kowacce da bakunan da take ciyarwa a ƙauye. An dakatar da harajin na Trump bayan mako guda, a watan Agusta kuma aka mayar da shi kashi 15. Amma aikin gama ya gama. Dillalin tufafi watanni yake ba da oda kafin kaya su iso, kuma ba ya zuba kuɗinsa inda bai san farashin gobe ba. Oda ta tsaya, aka rage kwanakin aiki, aka sallami ma'aikata. Kafin Yuli ya ƙare gwamnatin Lesotho ta ayyana rashin aikin yi a matsayin bala'in ƙasa.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne, tun rikicin ciniki na 2018 tsakanin Amurka da China ba a ga masana'antu sun yi tururuwar komawa Amurka ba. Ƙaura suka yi zuwa Biyetnam da Indiya da Meziko, har Meziko ta ture China daga matsayi na ɗaya wajen shigar da kaya Amurka a 2023, ko da yake sassan kayan da yawa daga China ake kawo su. Apple yana da ƙarfin mayar da haɗa iPhone zuwa jihar Tamil Nadu ta Indiya. Mai ɗinki a Maputsoe ina za ta koma? Wanda ya san Kakuri ta Kaduna kafin masaƙunta su mutu ba ya buƙatar a yi masa bayani.

Kenya, da ke ɗinka irin waɗannan kaya, kashi 10 aka sa mata. Tazarar kashi 5 tsakaninta da Lesotho ta isa dillali ya sauya ƙasa, kuma in ya ƙulla da sabuwar masana'anta, da wuya ya waiwayo.